Ciwon kumburin ciki a Isa: samun dalma a jini bai rufe bincike ba

A watan Afrilun 2024, lokacin da labarin ciwon kumburin cikin yara ya bazu a ƙasar Isa, gwaggona ta kira ni daga Kamarawa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce: "Kai da ka yi boko, hwaɗa mini, mi za mu bari, ruwa ko hatsi?" Ta ji a rediyo ana cewa guba ce, ga jikoki cike da gida. Na yi ta kame-kame, domin duk bayanan da hukuma ta fitar a lokacin na karanta su, kuma babu amsar tambayarta a ciki.

Wannan tambaya ta gwaggo ita ce ainihin abin da fannin auna haɗari yake ƙoƙarin amsawa. Shi ya sa nake so mu koma kan wancan lamari mu duba shi da idon kimiyya, mu ga inda aka yi daidai da inda aka bar giɓi.

Abin da aka sanar

A ranar 21 ga Maris, 2024, ma'aikatar lafiya ta jihar Sakkwato ta sanar da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, cewa ana kawo yara daga ƙaramar hukumar Isa da wani ciwo da ba a gane kansa ba. Ciki ya kumbura cikin ɗan lokaci saboda taruwar ruwa, ga ciwon ciki, zazzaɓi, amai da rama. Mafi yawansu 'yan shekara 4 zuwa 13 ne, da wasu manya kaɗan. Da shugaban hukumar, Dakta Jide Idris, ya yi wa 'yan jarida bayani a watan Afrilu, ya ce an samu mutum 164 da ake zargin sun kamu, 4 sun rasu, a mazaɓu shida: Isa ta Kudu 98, Bargaja 22, Isa ta Arewa 17, Tozai 12, Turba 11, Tsabre 4. Daga baya an ba da rahoton irin ciwon a Sabon Birni da Illela. An kuma ce gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin wasu daga cikin marasa lafiyar, a matakai mabambanta.

A ba kowa haƙƙinsa: hukumar ba ta ɓoye labarin ba, ta tura jami'ai, an kwantar da masu tsanani a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, an kuma ɗebi samfurin ƙasa, ruwa, abinci da magungunan ƙwari. Sukar da zan yi ta shafi yadda aka gabatar da sakamakon, da kuma tsarin da ya bar mu muna jiran gawa kafin mu fara awo.

Abin cutarwa daban, haɗari daban

Rijiya abin cutarwa ce, domin mutum na iya faɗawa. Amma rijiyar da ke da murfi a bayan gari da wadda take buɗe a tsakar gida inda yara ke rarrafe, haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Haɗari yana nufin yiwuwar abin cutarwar ya kai ga mutum, da kuma girman ɓarnar idan ya kai.

Tun 1983 majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta tsara auna haɗari zuwa matakai huɗu, kuma har yau a kansu ake tafiya. Na farko, gano abin da ke iya cutarwa. Na biyu, sanin adadin da ke haifar da wace irin illa. Na uku, gano hanyar da abin ke bi ya shiga jikin mutane, da yawan da ke shiga. Na huɗu, a haɗa ukun a faɗa wa jama'a wa ke cikin haɗari da abin da za a yi. Cewa "an samu dalma a jini" ƙafa ɗaya ce a mataki na farko. Gwaggo kuwa mataki na uku da na huɗu take tambaya.

Dalma nawa?

Dalma ba ta da wani amfani a jikin mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da za a kira marar illa. Amma ka sani, mai karatu, da za a gwada yaran Kano, Legas ko Maraɗi, da yawansu za a samu ɗan wani abu a jininsu, daga tsohon fenti, batir, tozali, ko tukwanen da aka zuba da narkakken ƙarfen bola. Don haka lambar ita ce magana. Ana auna dalma da maikurogiram a kowace desilita ta jini. Idan ta kai 5, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a nemo tushen a raba yaro da shi. Idan ta kai 45, ana maganar ba yaro maganin da ke kamo dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Tsakanin 5 da 45 akwai tafiya mai nisa, kuma kalmar "matakai mabambanta" ta haɗiye duk wannan tazara.

Kuromiyam kuma ya fi rikitarwa. Akwai nau'in da ake samu kaɗan-kaɗan a abinci da jinin kowa, akwai kuma nau'in masana'antu mai tsananin guba, kuma gwajin da ke auna jimillarsa a jini ba ya bambance su. Hatta allurar ƙarfe da aka ɗebi jinin da ita tana iya ƙara masa kuromiyam. Duk wanda ya taɓa aikin gano ƙarafa a ɗakin gwaji ya san wannan tarko.

Isa ba Bagega ba ce

Da zarar an ce dalma a yankinmu, hankalin kowa sai ya koma Zamfara, kuma da dalili. A Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da mace-macen yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. An ƙiyasta yara kusan 400 suka rasu. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi da jami'an Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu ya kai 45 ko ya wuce. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne.

To dubi bambancin. A Zamfara ƙananan yara masu kai hannu baki ne suka fi mutuwa, kuma babbar alamar ita ce jijjiga da suma, domin dalma ƙwaƙwalwa take fi kai wa hari. A Isa yara ne da suka ɗan tasa, kuma babbar alamar ruwa ne a ciki. Dalma na sa ciwon ciki da ƙarancin jini, amma taruwar ruwa cikin gaggawa ba ta cikin sanannun alamominta. Likita idan ya ga ruwa a ciki, hanta yake fara tuhuma, sannan ƙoda da zuciya.

Tarihi na da misalan annobar hanta da ta zo ta hanyar hatsi. A gundumar Gulran ta lardin Herat a Afganistan, a tsakiyar shekarun 1970, mutane sun yi ta kumburin ciki suna mutuwa, aka gano irin wata ciyawa mai suna Heliotropium ne ya gauraya da alkama a lokacin fari. Gubar irin wannan ciyawa tana toshe ƙananan jijiyoyin hanta, sai ruwa ya taru. A Tigray ta ƙasar Habasha an yi shekaru ana fama da irin wannan ciwo daga farkon shekarun 2000 kafin zargi ya tsaya kan ciyawar Ageratum da ke shiga hatsi. A Kenya kuma, a 2004, gubar afulatoksin daga masarar da ta yi fumfuna ta kama mutum 317, ta kashe 125.

Kada a fahimce ni a baibai: kawo waɗannan misalai ba yanke hukunci ba ne kan abin da ya kama yaran Isa. Abin da suke koya mana shi ne, idan aka yi saurin rataya wa ciwo sunan "gubar ƙarfe", ido na iya kaucewa daga rumbu da kasuwar hatsi. A Kenya abin da ya warware zaren shi ne kwatanta gidajen da suka kamu da maƙwabtansu da ba su kamu ba: me suka ci, daga ina, yaya aka adana shi. Irin wannan kwatance ne kaɗai zai nuna ko dalmar da ke jinin marar lafiya ta fi ta ɗan maƙwabcinsa mai lafiya. Idan ɗaya suke, to dalmar matsala ce mai zaman kanta da ke buƙatar magani, amma ba ita ta kumbura cikin ba.

Lamba 98

Isa ta Kudu ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka ƙirga. Mutum zai iya cewa ai nan ne tushen gubar. Mai yiwuwa. Amma wanda ya san yankin ya san asibiti a cikin garin Isa yake, kuma garin ya cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyuka. Uwar da ke ƙauyen da 'yan bindiga suka tare hanyarsa ba za ta fito da yaro ba sai dole ta yi dole, wata ma ba za ta fito ba sam. Lissafin asibiti yana nuna wanda ya iso ne. Kafin lambar mazaɓa ta zama hujja, sai an raba ta da yawan yaran da ke zaune a wurin, an kuma rubuta inda kowane yaro ya kwana ya ci abinci a watannin da suka gabaci ciwon.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Jimlar da ta fi damuna a bayanin NCDC ita ce wadda ta ce an taɓa ganin irin wannan ciwo a 2023, shi ma ba a tabbatar da musabbabinsa ba. Wato an samu gargaɗin shekara guda. A tsarin da ke aiki, gargaɗin farko shi ke sa a adana samfurin jini da hatsi, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci alamomin, a tanadi ɗakin gwajin da zai karɓi samfuri nan take.

Wannan tsohuwar ɗabi'armu ce. Sai da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A Bagega, an san ƙasar garin ta gurɓata, amma sai farkon 2013 aka saki kuɗin kwashe ta, bayan matsin lambar matasa da ƙungiyoyi, alhali ba a iya fara ba yara magani sai an tsabtace inda za su koma. A 2015 kuma dalma ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Kuma ba rashin hukumomi ke damunmu ba. NCDC na da marasa lafiya, NESREA na da ƙasa da ruwa, NAFDAC na da abinci da magungunan ƙwari, ma'aikatar ma'adinai na da ramukan haƙa. Kowa da gonarsa, amma hanyar da guba ke bi daga rami ko rumbu zuwa bakin yaro ta ratsa gonakin duka, ba ta da mai ita. Ga kuma iyaka: hatsi, dabbobi da mutane na kai-komo tsakanin Sabon Birni da Maraɗi, gulbin Maraɗi ma a Rima yake ƙarewa. Binciken da ya tsaya a shingen kwastan rabin bincike ne.

Za a ce ai rashin tsaro ne, kuma gaskiya ne, ba wanda zai tura ɗan'uwansa ɗibar ƙasa a dajin da ake sace mutane. Sai dai rashin tsaron shi kansa yana cikin lissafin haɗarin. Mutumin da aka hana noma zai ci hatsin da a da kaji yake watsa wa, zai sha ruwan da a da dabba yake ba. Kuma akwai abin da ake iya yi daga nesa: ma'aikatan lafiya 'yan asalin ƙauyukan na iya kawo mudun gero da kwalbar ruwa daga kowane gida, akwai kuma na'urar hannu da ke auna dalma daga ɗigon jinin yatsa cikin 'yan mintuna, irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara.

Abin da na gaya wa gwaggo

Da na sake kiranta, na faɗa mata abubuwan da ba su da asara ko mene ne musabbabin. A sheƙe hatsi da kyau a tsince baƙin iri kafin a kai niƙa. Wanda ya yi fumfuna a zubar, domin dafuwa ba ta kashe afulatoksin. Irin shuka da aka shafa wa magani kada ya shiga tukunya. Jarkar maganin feshi kada ta koma ta ruwan sha, komai wankin da aka yi mata. Kada a daka ko a niƙa dutsen ma'adini a gida, a kuma riƙa wanke hannun yara kafin cin abinci. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma. Yaron da cikinsa ya fara tashi a kai shi asibiti da wuri, kada a tsaya ɗura masa jiƙe-jiƙe, domin hantar da ta riga ta jigata ba ta son ƙarin kaya.

Wannan shawara ce ta wucin gadi. Abin da mutanen Isa da Sabon Birni suka cancanta shi ne cikakken sakamako da lambobinsa, a karanta shi da Hausa a rediyo da masallatan Juma'a: an gwada rijiya kaza an samu kaza, an gwada geron kasuwa kaza an samu kaza. Mu kuma masu bincike na jami'o'in Sakkwato, Gusau da Zariya, namu aikin shi ne auna dalmar jinin yaran yankin da ingancin ruwa da hatsinsu tun ana lafiya, domin ran da ciwo ya sake ɓullowa a samu abin kwatantawa.