Launi a Sahun Yaƙi: Nazarin Wani Tsohon Littafin Dabarun Soja na Faransa

Duk sa'ad da aka tashi ba da tarihin buga hoto mai launi a Turai, sunan da ake fara ambata shi ne Jacob Christoph Le Blon, wanda ya gano cewa da shuɗi da rawaya da ja, in aka ɗora su bi da bi daga faranti uku na jan ƙarfe, ana iya fitar da kusan kowane launi. Ya bayyana dabararsa a littafinsa Coloritto a Landan a 1725, ya rasu a Faris a 1741. Sai dai wannan tarihi ya karkata ga masu zane. Tun kafin a haifi Le Blon launi ya riga ya kama aiki a maɗaba'ar Faris, kuma sojoji ne suka ɗauke shi aikin.

Hujjar tana cikin Le Mareschal de Bataille, littafin da Lostelneau, wani hafsa a rundunar tsaron sarkin Faransa, ya wallafa, Étienne Migon ya buga a 1647. A lokacin, Yaƙin Shekara Talatin na gab da ƙarewa, shekara huɗu bayan Faransa ta karya dakarun Sifen a Rocroi. Bindigar zamanin tana da nawa wajen ɗuri, don haka mai bindiga ba ya rayuwa gaban barade sai masu dogon mashi sun yi masa katanga. Ilimin hafsa kacokan ya rataya ne a kan sanin wa zai tsaya ina, kuma yaushe sahu zai buɗe ko ya rufe. Ɗaruruwan ɗigo baƙaƙe a takarda ba za su nuna haka ba. Shi ya sa aka buga taswirorin bataliya da baƙi da ja da rawaya, domin ido ya rarrabe masu mashi da masu bindiga da mahaya a kallo ɗaya. Wanda ya saba da rubutun hannu na malamanmu, inda wasali yake da jar tawada, hamza da rawaya, ya san launin da yake ɗauke da ma'ana. Irinsa ne wannan: a cire shi, shafin ya daina karantuwa.

Wani zai ce ai ba sabon abu ba ne, tunda an buga Zabura mai manyan haruffa ja da shuɗi a Mainz a 1457, Erhard Ratdolt kuma ya buga zanen taurari mai launi a Venice a 1485. Gaskiya ne, kuma ba a cewa Migon ne farau. Bambancin yana wajen nauyin da aka ɗora wa launin. Kowane launi yana buƙatar a sake mayar da takarda cikin injin, kuma in ta goce ko da kaɗan, sai masu bindiga su hau kan masu mashi, darasin ya zama ƙarya. Harafin ado yana jure ɗan kuskure, sahun soja ba ya jurewa. Wani kuma zai ce shafa launi da hannu ya fi araha, shi ya sa aka yi haka a bugun 1757 na Mes Rêveries, littafin soja na Maurice de Saxe. Amma hannu yana gajiya, kwafi yana saɓa wa kwafi, alhali manufar littafin atisaye ita ce hafsoshi dabam-dabam su koyi abu guda.

Suka mafi ƙarfi ita ce wasu daga cikin tsare-tsaren Lostelneau sun fi kyau a takarda fiye da fagen fama mai hayaƙi da taɓo, kuma Faransa ta ajiye dogon mashi a 1703 da zuwan banati. Wannan ya rage darajar littafin a wurin soja, amma bai taɓa darajarsa a tarihin ɗab'i ba. Dabarun sun tsufa, hanyar nuna su ta wanzu a taswirori da littattafan makaranta har yau. Saboda haka ya cancanci a ajiye littafin Lostelneau kusa da aikin Le Blon: ɗaya ya koya wa injin kwaikwayon fenti, ɗayan ya koya masa yin bayani.