Nozick da Tambayar Mai Gonar Farko

A 1974 Robert Nozick, malamin falsafa a Jami'ar Harvard, ya wallafa littafinsa, Anarchy, State, and Utopia. Hujjarsa gajeruwa ce: mutum shi ke mallakar kansa, don haka guminsa nasa ne. Dukiyar da aka samu ta halal, aka kuma miƙa ta da yardar mai ita, gwamnati ba ta da hurumin karɓewa ta raba wa wasu. Aikinta tsaro da shari'a kawai.

Mun yarda hujjar tana da ƙarfi, domin ba mai son a yi kasafi da guminsa. Inda muka rabu da shi, asalin mallakar ne. Daga John Locke ya aro tushen, wanda ya ce ƙasar da ba ta da mai ita takan zama ta wanda ya yi mata aiki. To, yaya za a yi da filayen Amurka da aka ƙwace daga 'yan asalin ƙasar, da audugar da bayi suka noma? Nozick ya amince dole a gyara tsohon zalunci, amma bai fayyace hanyar ba. Alhali wanda ya sayi kayan sata, ko da kuɗinsa halal ne, bai zama mai kaya ba.