Takardun 'Yandoto

Mai karanta Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, zai ga malami mai hujja, amma ya tuna mai nasara ke magana. Wajen 1806 Bello ya ci 'Yandoto, garin malamai kusa da Tsafe. Da Shehu Laminu na Barno ya zargi masu jihadi da wulakanta littattafai, sai Bello ya amsa cewa a wani gari da suka ci, shi da kansa ya yi ta tsintar takardun da iska ta watsa. Waɗansu masana sun ce 'Yandoto ke nan. To, ina aka kai abin da aka tsinta? Hujjar malaman da suka ƙi bin Shehu Usmanu kuwa, a bakin wanda ya ci su mu ke jin ta.