Hoton Takarda da Hannun Mai Gyara

A shekarun nan an sami wata hanya ta adana tsofaffin takardu wadda ta fi dukan hanyoyin da aka sani a da sauƙi. A kan ɗora takarda bisa na'urar da a ke kira sikana, ko kuwa a ɗauke ta da kyamara, hoton ya shiga kwamfuta, daga nan duk mai bukata ya karanta, ko yana Zinder ko yana Landan. A 2004 Laburaren Biritaniya ya kafa shirin ceto takardun da ke cikin haɗarin salwanta, aikinsa kuwa ya iso Nijeriya da Mali. Jami'ar Boston ta Amurka ita ma ta tara hotunan shafuka masu ɗimbin yawa na ajamin Hausa da na waɗansu harsunan Afirka, ta sa a intanet. Duk mai ƙaunar harshen nan dole ya yi murna da wannan.

Amma hoton da ya shiga kwamfuta ba ya zama yadda ya shiga sai in an bar shi. Ana iya goge tabo, a miƙe layin da ya karkace, a cike gurbin da gara ta ci, a sauya kalma da wata, sa'an nan a ajiye shi kamar ba a taɓa ba. Ɗalibai da masu shagunan buga takardu sun ƙware a wannan aiki, har wasu sun ɗauke shi wani ɓangare na ladabin bincike, wai kada a kai wa malami shafi mai dauɗa. Nufinmu a nan mu auna wannan al'ada, mu ga inda ta ke da amfani da inda ta ke ɓarna.

Takarda iri biyu

Da farko sai mu rarrabe takardu gida biyu. Akwai takardar da aka bar wa gurabe da gangan domin a cika, kamar fom na neman shiga makaranta ko na neman aiki. Wanda ya ɗauki hoton irin wannan, ya buga sunansa da garinsu a guraben da kwamfuta, ya aika, bai yi laifin kome ba. Ya ma hutar da akawu wahalar karanta mummunan rubutu. Sa'an nan akwai takardar da ta riga ta gama maganarta, kamar wasiƙar sarki, da hukuncin alƙali, da takardar cinikin gona, da waƙar da wani malami ya kwafa shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Wannan shaida ce. Darajarta duk tana ga cewa abin da ke cikinta shi ne abin da marubucin ya sa, har da kurensa. Kayan aikin da a ke cika ta farko da su, su ne a ke taɓa ta biyu da su, hannun da ya saba da ɗaya kuwa ba ya jin nauyin ɗayar. Tushen matsalar ke nan.

Yadda na'ura ke gani

Hoton takarda tarin ɗigo-ɗigo ne, sau da yawa ɗigo 300 ko 600 a tsawon inci guda. Kwamfuta ba ta san akwai harafi a ciki ba sai an bi shi da manhajar gane haruffa, wadda ke duban kowace siffa ta yi kirdadon harafin da ta fi kama da shi. A fayil irin na PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, a kan shimfiɗa wannan kirdado a ɓoye ƙarƙashin hoton. Ido yana ganin hoton, amma in mutum ya nemi kalma ko ya kwafi jimla, daga kirdadon a ke ɗebo masa. In kuwa ya ce zai gyara layi, sai manhajar ta kawar da ɗigon asali na wurin, ta zuba sababbin haruffa masu kama da na maƙwabtansu, har ba a gane ɗinkin.

Wani lokaci ma na'urar da kanta ke yin gyaran ba wanda ya sa ta. A 2013 wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya gano cewa waɗansu na'urorin kamfanin Xerox suna sauya lambobi a takardun da suka ɗauka, 6 ta koma 8. Dalili shi ne hanyar rage nauyin fayil da a ke kira JBIG2: in ta ga siffofi biyu masu kama da juna, sai ta ajiye ɗaya ta maimaita ta a gurbin ɗayar. Shafin ya fito tsaf, lambar kuwa ƙarya ce. Kamfanin ya amsa, ya fitar da gyara. To, mai karatu ya tambayi kansa: na'urar da ta kasa raba 6 da 8, yaya za ta yi da k da ƙ?

Ƙugiya da ɗigo

A rubutun boko bambancin b da ɓ, da d da ɗ, da k da ƙ, ɗan lanƙwasa ne wanda bai kai ƙwayar gero ba, a tsohuwar jarida kuwa tawada ta kan cushe shi. Manhajar da aka horar da rubutun Turanci ba ta san da shi ba sam. Sai “Sarki ya shiga fada” da “Sarki ya shiga faɗa” su zama ɗaya, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Mai neman kalmar “ƙasa” a hotunan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, yana iya samun amsa cewa babu, alhali tana nan a shafi bayan shafi. In ya gina lissafi a kan wannan amsa, ya yi gini bisa rairayi.

Har wa yau, kafin a tsai da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, marubuta sun bi hanyoyi dabam dabam: wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa alama a gefensa, wani bai sa kome ba. Daga dokokin rubutu da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buga a 1912, zuwa ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, akwai tarihin yadda boko ya zauna da gindinsa, a waɗannan ƙananan alamu kuwa a ke karanta shi. Mai gyaran da ya mai da su duka salon yau ya share sawun da mai bincike ke bi.

A ajami abin ya fi haka tsanani, domin nauyin ma'ana duk yana kan ɗigo. A rubutun ƙasar nan, irin na Magrib, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf yana da ɗigo ɗaya a bisa. A rubutun Gabas kuwa ɗigo ɗaya a bisa alamar fa ce. Saboda haka manhajar da ta koyi karatu a littattafan Masar za ta karanta ƙari ta ce fari, ta karanta ƙasa ta ce fasa. Wasalin e kuma ɗigo ne guda a ƙarƙashin baƙi, wanda aka aro daga rubutun riwayar Warshu. Akwai wani maɓalli a manhajojin gyaran hoto wanda aikinsa share ƙananan tabo; a wurinsa kashin ƙuda da wasalin e duk abu guda ne. Sa'an nan malamai da yawa da jar tawada su ke sa wasali. In aka mai da hoton baƙi da fari domin a rage nauyinsa, jan ya kan dushe ko ya haɗe da baƙin, shafin ya rasa rabin muryarsa. Ita kanta takardar tana da abin faɗi: tambarin wata uku da a ke gani in an ɗaga ta ga haske yana nuna irin takardar da fatake ke kawowa daga Italiya ta hamada, yana kuwa taimakawa wajen kimanta zamanin kwafi. Wanda ya wanke bayan hoton ya yi fari fat ya zubar da launin takardar da duk alamar da ta rage a jikinta.

Cika gurbi da daidaita harshe

Mafi muni shi ne gyaran da a ke yi da kyakkyawar niyya. Ɗalibi ya iske gara ta ci kalma biyu a tsakiyar baiti, ya san waƙar da ka, sai ya yanko haruffa daga wani wuri a shafin ya liƙa. Watakila ya dace. Amma abin da ya haddace riwaya ɗaya ce, takardar da ke gabansa kuwa mai yiwuwa wata riwayar ta ɗauko, yanzu ya rufe ƙofar sanin haka. Wanda ya zo bayansa zai ga kwafi biyu sun yi daidai, ya ce shaidu biyu ne, alhali shaida ɗaya ce da inuwarta.

Haka kuma daidaita karin harshe. Waƙoƙin ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, da Hausar yamma aka yi su. Inda Bakano zai ce “suka zo”, Basakkwace “sunka zo” ya ke cewa. Inda wancan zai ce “gidansa”, wannan “gidanai” zai ce. Gaɓar farko ta “sunka” mai nauyi ce, ta “suka” marar nauyi ce, ma'aunin waƙa kuwa a kan nauyin gaɓa ya ke tafiya. Cire harafi guda ya isa ya karya baiti, sa'an nan a zo ana zargin marubucin da gurguwar waƙa, ko a ce ba shi ya yi ta ba. Garin gyaran gira an rasa ido.

Dokar magabata

Abin mamaki shi ne, masu kwafi na da, da alƙalamin kara da tawadar da suka dafa da kansu, sun fi mu tsari a wannan fage. In mai kwafi ya tsallake kalma, ba ya cusa ta a ɓoye. Ya kan sa ƴar alama a wurin, ya rubuta kalmar a gefen shafi, ya bi ta da “sahha”, watau ta inganta. In ya iske gurbi a littafin da ya ke kwafa, ya kan bar gurbin, wani ma ya rubuta cewa haka ya tarar a asali. A ƙasan shafi ya kan sa kalmar farko ta shafin gaba, domin warƙoƙin ba ɗinke su ke ba, a gafaka a ke ajiye su. A ƙarshe sau da yawa ya kan faɗi sunansa, ya roƙi gafara a kan kuren da ya yi. Duk waɗannan doka ɗaya su ke bi: hannun mai gyara ya fito fili, mai karatu ya san maganar wa ya ke karantawa. Manhajojin yau kuwa abin da a ke yaba su da shi shi ne ɓoye wannan hannu. Ga mai cika fom wannan alheri ne, ga mai nazarin matani kuwa cuta ce.

Abin da ya kamata

Ba mu ce a bar gyara ba, domin matanin da ba a gyara ba kaɗan ne za su iya karanta shi. Abin da mu ke kira gare shi shi ne a raba aiki uku, kowane da fayil ɗinsa. Na ɗaya, hoton asali, mai launi, a irin fayil da ba ya zubar da ɗigo, kamar TIFF, da ma'auni a gefensa, har bakin takardar ya fito. Wannan ba a taɓa shi, ko tabo ba a gogewa. Na biyu, kwafi harafi da harafi, da kurensa da karin harshensa, gurbi a bar shi gurbi, abin da mai kwafi ya yi zato a sa shi cikin baka. Wannan ya yi sauƙi yanzu, tun da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun daɗe cikin tsarin haruffan kwamfuta na Unicode, an kuma ƙara fa da ƙaf irin namu a 2016. Na uku, matani gyararre domin makarantu da sauran jama'a, da sunan wanda ya gyara da bayanin abin da ya sauya. Duk rubutun da manhaja ta karanta kuwa, kada a kafa hujja da shi sai mutum ya gwada shi da hoton layi layi.

Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su sa wannan cikin sharuɗɗan karɓar kundin ɗalibi: wanda ya yi aiki a kan tsohuwar takarda ya kawo hotonta yadda ya ɗauke ta, ko da ta yi baƙi ƙirin. Da yawa daga cikin takardun nan suna hannun zuriyar malamai, a ɗakunan da gara da ruwan sama da gobara ke iya riska ko yaushe, wata rana hoton kaɗai zai rage. Ran nan ba wanda zai iya komawa ga asali ya duba, sai abin da mu ka bari. In mun bar shaida, na baya za su yi hukunci da ita yadda iliminsu ya kai. In kuwa mun bar musu zatonmu sanye da rigar shaida, za su gaji kurenmu ba su san sun gada ba.