Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?



Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Da rani nake koyar da manya, mata da la'asar, maza da dare. A cikin ɗalibaina akwai wani dattijo makaɗin kalangu. Wurin ubansa ya gaji kiɗa, ubansa kuma wurin kakansa. Wani dare, kafin mu fara darasi, muna sauraren radiyo, sai aka yi maganar tsarin da ƙasa take da shi don raya al'adu da fasaha da sana'o'in hannu. Da aka gama, dattijon ya dube ni ya ce:

"Mushe, tun ina saurayi nake jin wannan magana. Yau ga furfura. Ɗana ya ce ba zai taɓa kalangu ba, ya tafi arewa haƙar zinariya. To, shi tsarin nan, wace hanya yake bi da bai taɓa ratsa garinmu ba?"

Aji ya fashe da dariya. Ni na ce: "Baba, ba ni kwana biyu." Wannan rubutu shi ne amsata. Zan faɗi abin da na gani na yabo, in faɗi abin da na gani na aibi.

Mene ne tsari mai dogon zango?

Manomi ya san shuka iri biyu. Akwai hatsi: ka shuka da ruwan farko, bayan wata uku ka yi girbi. Akwai kuma icce, kamar gawo ko dabino: ka dasa yau, ɗiyanka su ci amfani. Tsari mai dogon zango dashen icce ne. Ƙasa ce take zama ta ce: nan da shekara goma ko ashirin, ga inda muke so mawaƙa da makaɗa da masaƙa da dukawa da maƙera da masu wasan kwaikwayo su kai, ga kuma kuɗin da za mu zuba.

Nijar ba ta rasa irin waɗannan takardu ba. A 1985 an yi babban taro a Tilaberi don a shata wa al'adu hanya. A 1995 an kafa ofishin kare haƙƙin mai fasaha, wanda ake kira BNDA. A 2008 gwamnati ta fito da takardar manufar ƙasa kan al'adu, a 2009 kuma aka yi dokar da ta ƙarfafa ta. A 2016 an naɗa minista na musamman don farfaɗo da al'adu. A 2017 aka amince da babban tsarin ci gaban ƙasa mai hangen shekarar 2035. Maganar da ke cikin takardun al'adun nan mai kyau ce: a kiyaye abin da muka gada, a taimaki masu fasaha, a mai da sana'arsu hanyar cin abinci. Ba ni da ja da wannan. Tambayata ɗaya ce: me ya iso gari?

Abin yabo

Kada mu zama masu butulci. Akwai iccen da aka dasa ya kama, shi ne kokowa. A 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Tun daga nan, kusan kowace shekara ana yi. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, amma takobi yana nan.

Me ya sa kokowa ta kama? Don daga ƙasa take tasowa. Yaro yana fara kokowa a dandalin garinsu bayan girbi. In ya yi fice, sai a kai shi gaba, har ya shiga cikin zaɓaɓɓun jaharsu. Gasar tana zagaya jahohi, ba a Yamai kaɗai take zaune ba. An gina filaye, akwai doka, akwai alƙalai, akwai kyauta. Radiyo yana ba da labari da harshen da tsohuwa take ji. Makaɗa da masu kirari su ma suna samun rabonsu. Wannan shi ne tsari: tsani ne mai matakala tun daga gari har sama.

Aibi na farko: biki ya fi aiki yawa

Sauran fasahohi ba su sami wannan tsani ba. Abin da suka fi samu shi ne biki. A 1976 aka yi babban bikin matasa na farko a Damagaram, zamanin samariya. Dattawanmu suna tuna shi da daɗi: rawa, waƙa, wasan kwaikwayo, kowace jaha da ƙungiyarta. Amma da zamanin samariya ya wuce, abin ya lafa. Daga baya aka riƙa zagayawa da bikin 18 ga Disamba: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An yi hanyoyi, an yi gine-gine, birane sun yi kyau. Wannan gaskiya ne.

Amma biki na kwanaki ne, shekara kuwa kwana 365 ce. A kira makaɗi, a ba shi riga, ya buga gaban manya, a tafa masa. Kashegari ya koma gida da rigar da ɗan abin da bai kai kuɗin buhun hatsi ba. Gidan da aka gina don wasa sai a rufe shi, ƙura ta hau kujeru. Shi ya sa nake tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ba ranar biki ake auna tsari ba. Ranar Talata ake auna shi, ranar da babu baƙo, babu tuta, mai sana'a yana zaune a rumfarsa yana jiran mai saye.

Aibi na biyu: muna girmama mai fasaha bayan ya mutu

Ku dubi sunaye. Umaru Ganda ya ciyo wa Nijar babbar kyautar silima a Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981, babban gidan al'adu na Yamai yana ɗauke da sunansa. Ɗan Gurmu, mawaƙin Adar, sai bayan rasuwarsa aka buɗe gasar waƙa da sunansa a 1987. Makarantar kiɗa da aka buɗe a Yamai a 1989 sunan marigayi Alhaji Taya take ɗauke da shi. Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa yana yin fim, ya rasu a 2015, a 2024 aka sa sunansa a wani gidan al'adu na Yamai. Duk sun cancanta. Amma suna a jikin bango ba ya koya wa yaro sana'a.

Abin da mai fasaha ya sani a kansa yake da hannunsa. In ya mutu bai koyar ba, an binne shi da shi. Ga misali. Buduma, masuntan tafkin Cadi, suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar, mai siffar jirgin ruwa, sunansa biram. An kai lokacin da masu iya shi suka kusa ƙarewa. A 2002 Malam Maman Barka, wanda shi ma malamin lakkol ne kafin ya shahara da gurmi, ya tafi can ya durƙusa gaban wani tsoho ya koya. Ya kai biram har ƙasashen Turai kafin ya rasu a 2018. Da ya makara da ƴan shekaru, da sai labari. To, biram nawa ne suke mutuwa a garuruwanmu ba wanda ya je? Tsarin da bai tanadi koyo ba, gini ne ba tushe.

Aibi na uku: an manta da kayan aiki da kasuwa

Sana'a ba daga iska take fitowa ba. Baduku yana bukatar fata, majemi yana bukatar bagaruwa. Mai tabarma a Madawa tana bukatar kaba. Mai tulu a Mirya tana bukatar yumɓu da abin gashi. Mai goge yana bukatar ƙwarya da fatar guza da izgar doki. Wanda ya san Gulbin Kaba ya san yadda ake yankar kaba tun tana ƙarama, ba a bari ta zama goriba. In kaba ta ƙare, tabarma ta ƙare, ko da an yi taro goma a kanta.

Ga jar akuyar Maraɗi. Fatarta sananniya ce har ƙasashen waje, don laushi da ƙwari. Amma da yawa daga cikin fatunmu ɗanyu suke tsallaka iyaka zuwa Najeriya. Wasu su jeme, wasu su ɗinka, riba ta tsaya can. Mu kuma mu shiga kasuwa mu sayi takalmin roba da tabarmar roba da bokitin roba da aka kawo daga nesa. Ba na zagin mai saye, don aljihunsa ya duba. Amma tsarin raya sana'a da bai yi magana da ma'aikatan daji da na kiwo da na kasuwanci ba, hannu ɗaya ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aibi na huɗu: takarda ba ta jin harshenmu

Wata ranar kasuwa na raka dattijon nan makaɗi. Muka wuce rumfar masu tura waƙoƙi a salula, sai muka ji kalangunsa yana tashi. Wani ne ya ɗauka wurin biki, yanzu ana tura wa mutane a kan kuɗi. Shi mai kiɗan ko dala bai samu ba. Ya yi murmushi ya ce: "Ashe na yi suna." Ni kuwa raina ya ɓaci.

Doka ta ce mai waƙa da mai kiɗa suna da haƙƙi a kan aikinsu. Yadda abin yake tafiya shi ne: ka rubuta sunanka da ayyukanka a ofishin haƙƙi, ofishin ya karɓi kuɗi wurin masu amfani da su, kamar gidajen radiyo da wuraren wasa, ya raba wa masu su. Amma wanda bai san da dokar ba, yaya zai nemi haƙƙinsa? Da faransanci aka rubuta dokokin nan da takardun tsari. Masu sana'ar kuwa, yawancinsu ba su shiga lakkol ba. A 2025 babbar takardar sake gina ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To, ga wurin gwaji. A rubuta tsarin da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunanmu, da baƙi manya, a kawo mana cibiyoyin karatu.

In wani ya ce ƙasa ba ta da hali

Na san za a ce: ga yunwa, ga rashin tsaro, ga likita babu magani, wa yake ta kiɗa? Magana ce mai nauyi. Amma ku tuna damina wata uku ce ko huɗu. Sauran watanni me talaka yake ci? Saƙa da jima da ƙira da ginin tukwane da kiɗan biki su ne gonar rani. Saurayin da sana'a ta riƙe ba ya tafiya biɗa, ba ya sauraren mai ruɗinsa da kuɗi. Kuɗin da aka sa a nan ba na shagali ba ne, na abinci ne da zaman lafiya.

Abin da nake gani ya kamata

Na ɗaya, kowane gwani da ya ɗauki yara biyu ko uku yana koya musu, a ba shi ɗan taimako kowane wata har su ƙware.

Na biyu, a keɓe wuraren kaba da bagaruwa da yumɓu, da shawarar maigari da masu sana'a.

Na uku, gwamnati ta zama mai saye na farko. Tabarmin makarantu, jakunkunan taro, kyautar baƙi, duk a saya hannun mutanenmu.

Na huɗu, ma'aikatan haƙƙi su riƙa bin kasuwannin ƙauye kamar yadda masu rigakafi suke bi.

Na biyar, kowace shekara a faɗa a radiyo nawa aka kashe, kuma ina. In gwamnati ta sauya, kada a tuge iccen da ta gabata ta dasa don a dasa sabo.

Namu rabon

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu da muka koyi karatu, akwai aikin da ba sai mun jira Yamai ba. Ku ɗauki kaye da bik. Ku rubuta sunan kowane mai sana'a a garinku, da abin da ya iya, da wanda ya koya masa, da ko yana da magaji. Masu sana'a ɗaya su haɗa ƙungiya, su riƙe lissafin abin da suka saya da abin da suka sayar. Ƙungiya mai takarda ita ake saurara in ta je gaban magajin gari. In za ku aurar da ɗiya, ku sa tabarmar kaba da tulun gida cikin kayanta.

Da na karanta wa dattijon nan amsata, ya yi shiru. Bayan mako ɗaya ya zo da kayensa. Da hannunsa ya rubuta sunayen taken da ya gada: na mahauta, na manoma, na ƴan kokowa, na amarya. Rubutun a karkace yake, amma ana karantawa. Ya ce jikansa mai shekara 9 ya fara riƙe masa kalangu in za shi biki.

Ku karanta wannan a cibiyarku, ku tattauna. Wace sana'a ce take shirin mutuwa a garinku? Wa ya rage mai iya ta? Ku rubuto mana da hannunku, mu buga, ko Allah ya sa masu tsari su gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.