Masu Lallashin Gwiwa

Likitan fisiyo da ya ƙware yakan fara aiki tun kafin mara lafiya ya zauna. Daga bakin ƙofa yake karanta tafiya: wace ƙafa ake saurin ɗagewa daga ƙasa, gwiwa na miƙewa sosai ko tana tsayawa a ɗan lanƙwashe, ƙafafun sun fara bauɗewa ko suna nan daidai. Sai ya nuna kujera, ya lura ko sai an dafa cinya kafin a zauna. Kafin a gama gaisawa, ya san rabin labarin.

Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi kawo manya gabansa shi ne amosanin gwiwa, wanda jama'a ke sakawa cikin sanyin ƙashi. A bakin ƙasusuwan da suka haɗu a gwiwa akwai guringuntsi mai santsi. Idan ya fara sirancewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa yakan yi kauri, gefunansa su yi tsiro, gaɓar ta riƙa kumbura jefi-jefi. Hawa bene ya zama aiki, tashi daga tabarma sai da dabara, sujada sai an cije. Da safe gwiwa ta sanƙare, ba ta saki sai an ɗan motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 528 ke fama da amosanin gaɓoɓi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma mata sun fi yawa.

Mai ciwo yakan ga hutu ne mafita, 'ya'ya ma su taya shi: “Hajiya, ki zauna, za a kawo miki.” Cikin ƙauna ake faɗa, amma a nan tarkon yake. Zama na sa tsokar gaban cinya ta rame, ita kuwa ce ke tare nauyi kafin ya sauka a kan gaɓa. Ta rame, ciwo ya ƙaru. Ciwo ya ƙaru, a ƙara zama. Guringuntsi kuma ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kamar soso: a matsa ya fitar, a saki ya tsotsa. Gwiwar da ba ta motsi tana zaune ne da yunwa.

Shi ya sa motsa jiki ya zama ginshiƙin magani. Sai dai cewa “ka riƙa motsa jiki” kowa ma zai iya. Gwanintar tana wajen awo: wane motsi, sau nawa, da wane nauyi, yaushe a ƙara, yaushe a sassauta. Gwani ba ya yanke wannan sai ya bincika. Zai taɓa gwiwa ya ji ko da zafi ko ruwa, ya auna iyakar lanƙwasawarta, ya gwada ƙarfin cinya da na ƙugu. Zai ce, “Baba, tashi ka zauna ba tare da dafawa ba,” ya ƙirga sau nawa aka yi cikin daƙiƙa 30, ya rubuta don kwatantawa nan gaba. Hoton ƙashi ba ya ruɗarsa, domin ya san akwai mai mummunan hoto da ke tafiya kasuwa a ƙasa, akwai mai hoto da dama-dama da ciwo ya hana barci. Mutumin yake yi wa magani, ba hoton ba.

Daga nan sai a fara da abin da gwiwa za ta yarda da shi. Wanda ciwo ya yi wa yawa zai fara a kwance: ya naɗe tawul a ƙarƙashin gwiwa, ya danna, ya riƙe, ya saki. In wannan ya zauna, sai ɗaga ƙafa a miƙe, sai tashi daga kujera, sai hawa mataki ɗaya, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango. Ana haɗawa da tafiya ko tuƙa keke. Akwai ƙa'idar da ke cire tsoro: a ma'aunin ciwo daga sifili zuwa 10, wanda bai wuce 5 ba yayin atisaye ba ɓarna ba ne, muddin zuwa washegari ya koma yadda yake. In bai koma ba, a rage awo, ba a daina ba. Sanya wannan fahimta a zuciyar wanda ya shekara yana tsoron gwiwarsa shi ne mafi wuyar aikin, kuma a nan ake gane gwani.

An gwada wannan hanya an ga amfaninta. A ƙasar Denmark, masu bincike Ewa Roos da Søren Skou sun fara wani shiri mai suna GLA:D a 2013: zama biyu na ilimantarwa, sannan atisaye sau 12 cikin mako shida a gaban likitan fisiyo. Masu shiga sun riƙa samun raguwar ciwo da ƙarin saurin tafiya, har ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya suka ɗauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani ke bin mutum har cikin rayuwarsa. Zai gyara riƙon sanda: a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, ba ɓangaren gwiwa mai ciwo ba. Zai tambayi bayan gida, na tsuguno ne ko na zama. Zai tambayi murhu da tsawon kujerar girki. Zai ba da shawarar salla a kan kujera lokacin da ciwo ya motsa, sauƙin da addini ya riga ya bayar, yana kuma aiki don a koma sujada in da hali. Zai yi maganar ƙiba cikin ladabi, domin kowane kilo ɗaya da aka rage na sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Gashi da tausa na sanyaya ciwo na ɗan lokaci, amma share fage ne kawai. Zai kuma ja kunne kan shan magungunan kashe ciwo barkatai, masu iya taɓa ciki da ƙoda.

Gwani ya san iyakarsa. Ba ya alkawarin dawo da guringuntsin da ya tafi. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, nan take yake tura ta wurin likita. Wadda ta lalace har sai an canza ta, yana shirya ta kafin tiyata, ya tashe ta bayanta.

Muna da irin waɗannan gwanaye a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Jami'ar Bayero kuma tana yaye sababbi. Matsalar ita ce galibinsu a birane suke, alhali tsofaffin da suka kwashe shekaru suna noma da ɗiban ruwa suna karkara. Aikin nan ba ya neman injina masu tsada: kujera, tawul, mataki da masanin awo sun isa a fara. Ya kamata gwamnatocin jihohi su kai likitan fisiyo kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, mu kuma mu kai iyayenmu wurinsa tun suna tafiya da ƙafarsu.