Sharhi a kan Asali da Ma'anar Kalmar "Ɗan Haya"

Akwai ra'ayoyi biyu da akan ji a bakin ɗalibai dangane da asalin kalmar "haya". Na farko yana danganta ta da aikatau "hau", wai don ɗan haya ya haye dukiyar wani. Na biyu kuwa yana cewa daga "ijara" ta Larabci ta fito. Duka biyun ba su da madafa. Babu wata ƙa'idar tsarin sauti da za ta mayar da "ijara" ta koma "haya", balle ma ga "ijara" nan daram a bakin malaman fiƙihu. Hasali ma, Malikawa sun fi kiran hayar gida da ta dabba "kira'i", su bar "ijara" ga aikin ɗan Adam.

Hujja mafi ƙarfi tana wajen Ingilishi. Turawan Ingila ba sa furta /r/ a ƙarshen kalma, don haka "tyre" ta zama "taya", "wire" ta zama "waya". A wannan layi ne "hire" ta zama "haya". Yarabanci ma yana da waɗannan kalmomi uku da kusan wannan siga, abin da ke sa a yi zaton ta hanyar kudu aron ya biyo.

Sai dai gano asali rabin aiki ne, kuma nan ne masu fassara suka fi yin sakaci. Bahaushe bai rasa kalmomin mu'amala ba: yana da aro, da jingina, da jinga, da sufuri. Abin da bai saba da shi ba shi ne biyan kuɗin ɗaki wata-wata. A tsarin gargajiya baƙo yana sauka ne a wurin maigida ko fatoma. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda maigida ke saukar da fataken shanu, ya ciyar da su, ribarsa kuwa ta fito daga cinikin da ake ƙullawa ta hannunsa. Wannan mutum baƙo ne, yana da alfarma. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka sami Sabon Gari da ma'aikata masu albashi, sai ga wani sabon mazauni wanda kuɗi kaɗai ya haɗa shi da mai gida. Shi ne ya buƙaci sabon suna.

Ginin kalmar ma abin lura ne. Ɗan dako shi ake biya, sojan haya ma haka, amma ɗan haya shi ke biya. Ke nan "ɗan" a nan ba sana'a yake nunawa ba, matsayi yake nunawa, irin na "ɗan gari" da "ɗan gida". Shi ya sa idan aka ce wa ma'aikacin da ya shekara 20 a unguwa "ai ɗan haya ne", ba zancen kuɗin ɗaki ake yi ba, ana nufin ba shi da bakin magana a sha'anin unguwar.